Kwallin Zinatu

Tun da na ga Inna ta zaunar da 'yata Zinatu tana rambaɗa mata kwalli na so in yi magana, amma wa zai hana mahaifiyarsa yi wa jikarta kwalliya?

Doka ce yanzu, ba yaron da zai shiga sakandare sai an kai shi ɗakin duhu a asibiti an gwada idonsa, na'ura ta ƙirga hasken da ke dawowa daga idonsa ƙwaya-ƙwaya, ta ga inda ya karkata. Wata biyar muka yi muna jiran layi, kuma a ranar kwallin nan layinmu ya zo.

Ko minti uku ba a yi ba aka fito da ita.

"Malam, wa ya sa mata kwalli?" in ji malamar asibiti. "Hasken duk ya karkace."

"Kakarta ce. A goge mana, ranki ya daɗe."

"Ko an goge, burbushinsa na ciki. Kuma ciwon ido ma haka yake nunawa. Ku dawo bayan wata huɗu."

"Jibi fa za a rufe ɗaukar ɗalibai!"

Sai kawai ta kira wanda ke bayanmu.

A hanya Zinatu ta ce, "Baba, ni fa dama dishi-dishi nake ganin allo."

Har yanzu ban sani ba, kwallin ne ko idon 'yata.