Rigar Ruwa Ɗaya a Kwalekwalen Gwadabe

Ruwa ya fara taɓa idon sawun Malam Inuwa tun kafin su kai tsakiyar dam ɗin Tiga. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan buhun albasa.

Su biyar ne a kwalekwalen: shi, da Gwadabe matuƙi, da Luba mai jego da jaririyarta, sai Mujitaba, zakaran iyo na salo huɗu, wanda mutanen tsallaken suka gayyata walima don lambar zinaren da ya ciyo. Rigar ruwa ɗaya ce, Gwadabe kuwa ya miƙa wa Luba ita tun a gaɓa.

"Ku biyun ai kifaye ne," ya ce wa Inuwa da Mujitaba yana dariya. "In na ba ku riga na zage ku."

Duk yankin Bebeji an san aikin Inuwa. Shi ya tsinci Mujitaba cikin 'ya'yan masunta. Kullum da safe yana bin bakin ruwa da usur a baki da doguwar gora a hannu, yana gyara masa bugu: na malam-buɗe-littafi, na rigingine, na kwaɗo, sannan na sake-jiki. Daga nan suka koma wurin iyo na birni, inda Inuwa ke tsayawa a kan dakali cikin farar riga mai guga, yana hango kuskuren gwiwar hannu daga wancan ƙarshen.

Yanzu hadari ya haɗo daga wajen Doguwa. Iska ta taso, igiyar ruwa ta riƙa marin gefen jirgin tana zubowa ciki. Luba na kwarfe ruwa da ƙwarya da hannu ɗaya, tana salati. Jaririyar ta tsanyare da kuka.

Inuwa ya dubi kafaɗar Mujitaba ta dama. Watan jiya aka yi mata aiki, har yanzu ba ya iya ɗaga hannun sama da kai. Ya dubi gaɓa, ya ga itatuwanta ƙanana kamar ciyawa. Ya sake duban kafaɗar. A ƙarƙashinsu, can ƙasa, garin kakanninsa ne kwance, wanda dam ɗin ya cinye, da masallacinsa da rijiyoyinsa.

Gwadabe ya daina dariya. Ya tura buhun albasa cikin ruwa, jirgin bai ɗago ba.

"Malam, sai dai ku sauka," ya ce. "Haka muke yi. Wanda ya iya ruwa ya fita, a rage wa jirgi nauyi. Kada ku kama gefe, zai kife da mai jegon nan."

"Kafaɗar yaron," in ji Inuwa.

"To ai ga ka. Wa ya koya masa? Ka tallafe shi mana."

Luba ta ɗago ta kalle shi, ta matse 'yarta a ƙirji. Ruwan ya kai mata ƙwauri.

Inuwa ya cire hula, ya cire usur daga wuya, ya ajiye su a kan benci. Ya kasa ɓalle agogo, ya bar shi. Ya yi kalmar shahada a hankali, ya ɗora ƙafa ɗaya a gefen jirgin.

Mujitaba ya riga shi. Ya sulale cikin ruwa ba tare da fantsama ba, ya juya rigingine, ya miƙo hannun hagu.

"Malam, juyo da bayanka. Ɗora ƙeyarka a ƙirjina, ka kalli sama. Kome ya faru kada ka riƙe ni."

Gwadabe ya tsaya da filafili a hannu. "Wa zai ɗauki wa?"

Mujitaba ya sake miƙo wa Inuwa hannu. A duk shekarun nan, shi kaɗai ya taɓa lura cewa wandon malaminsa bai taɓa jiƙewa sama da gwiwa ba.