Ganyen da Ya Tofar

Sakataren ƙungiyarmu ya sa takalmi ya shure giyar da muka ajiye wa Tiyo, gunkin da ke tsare mu a ramin kuza.

"Camfi!" in ji shi. "Babu Kecuwa, babu Aimara, babu wata ƙabila. Ma'aikaci da mai jari, shi ke nan."

Na ce, "Ɗan birni, kakanka ya taɓa mutuwa a ramin nan?"

"Tsoho, wannan jahilcin ne ya hana ku 'yanci."

Duk da haka muka bi shi yajin aiki, don yunwa ta fi fushi ƙarfi. Kwana tara muna zaune a ƙarƙashin ƙasa. Har ya koyi cusa ganyen koka a kunci kamar mu, ganyen da ƙabilunmu ke taunawa ya bar kore a haƙora, yana kiran mu 'yan'uwa yana yamutsa fuska.

Rana ta goma sojoji suka fito da mu. Ba su tambayi wane ne ma'aikaci ba. Baki kawai suke sa mutum ya buɗe. Duk wanda suka ga kore a haƙoransa, sai cikin mota.

"Ku wuce, ƙazaman ƙauye!" in ji sojojin.

Na waiwaya in ce wa sakataren ya yi musu wannan bayanin nasa na cewa babu ƙabila. Sai na hango shi yana goge haƙora da hankici, yana yi wa hafsansu Sifaniyanci tsantsa, harshen masu mulki, har ana kunna masa sigari.

A inda yake tsaye kusa da ni ɗazu, ga dunƙulen ganyen da ya tofar, yana tururi a cikin sanyi.