Farar Rigar Fabián

Kujerun roban da aka zauna a kai ranar makokin ɗanta Fabián su ne Nélida ta sake jerawa a ƙarƙashin rumfar inabi. Na cocin unguwa ne, har yau ba wanda ya zo karɓa. Ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa zanin gado a kan tebur, ta dama fiya da gishiri.

Kofunan na maƙwabta ne, babu biyu masu kama ɗaya. Furannin daga gindin katanga ta tsinko su. Burodi kuwa Ramiro na gidan burodi ne ya kawo da ɗuminsa, kwando guda. Ya ƙi karɓar komai, ya ƙi shigowa. Ya leƙa tsakar gidan sau ɗaya, ya hau kekensa.

Shayin la'asar ne na tarbar jariri, don Yasna, matar ɗanta. Shekara takwas suka yi da aure babu ko ɓari. Matan unguwa sun yi ta magana, Nélida ba ta taɓa tanka musu ba. Sai da babbar motar katako ta kife da Fabián a hanyar Chillán, aka binne shi, sannan Yasna ta fara amai da safe. Da ta faɗa mata ciki ne, Nélida ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba. Ruwan shayi ta ɗora.

Tun daga ranar jana'izar komai nesa yake da ita. Tana cin abinci, ba ta jin gishiri. Abu ɗaya ne ke isa kunnenta: takun Yasna a ɗakin da ke maƙwabtaka da nata. Ga shi jiya Elba, mahaifiyar Yasna, ta sauka daga garinsu Calama da babban akwati wanda ba komai a ciki.

Mata suka cika kujeru. Aka zagaya da dunƙulen ulu, kowa ta yanki tsawon da take jin zai zagaye cikin Yasna daidai. Hortensia, wadda ta riƙe Fabián ranar baftismarsa, ta yanko abin da ya kai ƙasa.

"Hortensia, ciki muke aunawa ba saniya ba," in ji wata.

"Ke dai bari. Uban yaron nan da aka haife shi, sai da ungozoma ta nemi kujera ta zauna. Ku jira ku ga kai."

Aka yi dariya. Yasna ta tsaya hannuwa a sama ana naɗa mata zare, idonta a ƙasa.

"Kunnuwan ubansa kawai nake roƙon Allah ya yafe masa," Hortensia ta ƙara. "Ko ba haka ba, Nélida?"

"Shayinki zai huce," in ji Nélida.

Elba ta ajiye kofinta. "A Calama ma akwai asibiti. Yarinya wajen uwarta take haihuwa, ko'ina haka ake yi."

Nélida ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu nannaɗe a tsohon tawul. 'Yar rigar ulu ce, fara, wuyanta ya soma komawa ruwan madara. Uwar mijin Nélida ce ta saƙa ta. Mijin Nélida ya sa yana jariri, Fabián ya sa. A gidan nan ita ce rigar farko da ɗan fari yake sawa, kuma ba a taɓa ba da aronta ba, ko ga 'ya'yan 'yan'uwa. Duk wadda ke zaune a wurin ta san haka.

Nélida ta miƙa wa Yasna ita a gaban kowa.

Yasna ba ta ɗaga hannu ba. Ta dubi rigar, ta dubi mahaifiyarta, ta juya ta shige kicin da sauran zare yana jan ƙasa a bayanta.

Nélida ta bi ta. Ta same ta jingine da murhu, tana numfashi da baki.

"Mama Nélida, ba zan iya karɓa ba. Akwai maganar da ya kamata in faɗa miki tun tuni."

"Zauna, 'yata."

"Idan kika ji, ke da kanki za ki haɗa mini kaya."

Nélida ta zuba shayi, ta sa sukari cokali biyu yadda yarinyar ke so, ta danƙa mata kofin. Sannan ta shimfiɗa rigar a kan cikin, ta gyara 'yan hannuwan, ta bar tafinta a wurin. Wani abu ya shure ta daga ciki. Ta ji shi har gwiwar hannu.

"Ba na son jin komai," ta ce. "Ɗakin yana nan. Ɗan gadon jarirtar ubansa na wanke shi. Abin da nake tambaya ɗaya ne: za ki zauna?"

Yasna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ajiye kofin.

Da suka fito, rigar tana rungume a ƙirjin Yasna. Ta je ta durƙusa kusa da mahaifiyarta, ta ce a hankali, "Mama, ki koma da akwatin. A nan zan haihu."

Hortensia ta yi tafi, ta nemi a ƙaro burodi. Nélida ta ɗauki butar shayi ta bi kofuna tana cikawa, mata suna ta gardamar ko hancin Fabián jaririn zai ɗauko ko dogayen ƙafafunsa. Ta bar su suna yi. A duk tsakar gidan nan ita kaɗai ce ta tsaya a barandar asibiti shekarar da hangum ya kwantar da Fabián yana saurayi, ita kaɗai likita ya ja gefe ya ce yaron zai warke sarai, amma ba zai taɓa haihuwa ba.