Gwiwar da Ke Kaiwa Ƙasa

Tun da aka girka injin fiɗar gwiwa a tashoshin Zariya, minti goma aiki ya ƙare. Sai dai gwiwar inji ba ta lanƙwasuwa sosai, shi ya sa matasa a tsaye suke gaida manya.

Da guringuntsin gwiwar Nafi'u ya yage a filin ƙwallo, mai injin ya ce, "Shigo, malam, da gudu za ka fita."

"Bar ni da atisayena," in ji Nafi'u.

Wata uku yana motsa ƙafar yana cije baki. Yau ya shiga ɗakin kakarsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

Ta daɗe tana kallonsa. "Tashi, maigidan. Shekara bakwai rabona da ganin tsakar kan ko ɗaya cikin jikokina."