Numfasar da Fili

Tebur na uku ke nan a ofishin hukumar birni da Afiwa ta shimfiɗa takardar a kai tun safe, har takardar ta ɗauki warin bandar kifinta. Layi ɗaya take so a warware mata: "Za a daidaita matsayin rumfarki bisa tsarin numfasar da fili." Shekara ashirin da biyu rumfar nan ke ciyar da gidanta a Lome. Za a bar ta ne, ko za a tashe ta?

Ma'aikacin ya lashe man soyayyiyar doya daga yatsunsa, ya gyara tabarau. "Mama, ai a bayyane yake. Numfasarwa mataki ne na daidaitawa."

"Daidaitawar fa?"

"Ita kuma tana ƙarƙashin numfasarwa."

Kai, abin ƙyama! Ƙato da Faransanci cike da baki, amma i ko a'a ta gagare shi. Da ta roƙe shi ya faɗa da yaren Ewe, cewa ya yi kalmar ba ta fassaruwa. Afiwa ta ji kamar ta tofar da yawu a kan fayilolinsa.

Mijinta Komlavi, wanda da ƙyar ya yarda ya rako ta, yana maƙale a bakin ƙofa, ya ja hula har gira. Shi da ya tsufa a aikin biro, wato irin wannan ofis, kafin ritaya, ko kallon takardar bai yi ba.

Suna fita ta fashe. "Duk wanda ya haifi kalmar nan, Allah ya tsine masa! Haka suka rubuto wa mahaifiyata. Tsohuwa ta share ƙofar gida, ta yi fenti, tana jiran iska mai daɗi, sai ga katafila. Baƙin cikin ne ya kashe ta." Ta juya ga mijin. "Kai, Baban Sena, ba ka da baki ne?"

"Ki kwashe kayanki yau," ya ce a hankali. "Laraba za su rushe."

"Ina aka rubuta Laraba?"

"Ba a rubutawa. Kwana tara bayan buga hatimi."

"Kai wa ya gaya maka?"

Ya kau da kai ga masu babur da ke wucewa, ya ce:

"A da 'rushewa' ake rubutawa, sai mutane su tare hanya. Aka ce kowa a ofis ya kawo kalmar da ba za ta tada hankali ba. Tawa aka zaɓa, Afiwa, kuma a layin su mahaifiyarki aka fara gwada ta."