Muryar da Ta Dishe a Jidda

"Ka yi mini ɗawafin?" Abin da Inna ta fara tambayata ke nan a waya, bayan ta farfaɗo daga tiyata a Gusau.

Jiya na yi mata alkawarin zan kwana a Harami ina yi mata addu'a. Daga ɗakina a unguwar Misfala zuwa can tafiyar minti goma ce. Amma da la'asar Hamad, abokin aikina, ya zo da tikiti biyu na wasan kiɗan Turawa na rok a wani fili a bakin tekun Jidda.

"Yalla, mu tafi, ya Sabitu. Ka'aba tana nan. Su kuwa makaɗan gobe sun tafi."

Na bi shi. Ni da ko a gida ba na ɗaga murya, na yi ta ihu cikin taro, ganguna suna dukan ƙirjina. Inna ba ta faɗo mini a rai ba sai a hanyar dawowa.

Na ƙudurta faɗa mata gaskiya. "Inna, ki yafe mini..." Da ƙyar maganar ta fito, a shaƙe.

Sai ta fashe da kuka. "Ku ji muryar yaron nan. Roƙo ya yi ta yi har ta dishe."

Na ji ta kira wata mai jinya. "Maijidda, karɓi wayar. Faɗa masa sunan 'yarki da za a yi wa aiki gobe. Ba sai kin nemi wani ba, addu'ar Sabitu ba ta faɗuwa ƙasa."