Rijiyar da Tela Ya Haƙa wa Mahaifiyarsa

Gyara zama in ba ka misalin wani tela, don ba kowace ɓarna ce ke fitowa daga mugun nufi ba. A bakin babbar hanya yake zaune, a wani gari da ruwa ke wuya. Mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta da tulu a ka, kullum tana hanyar rafi, har gammo ya cinye mata gashin tsakiyar kai. Ta rasu kafin ɗan nata ya yi ƙarfin da zai hutar da ita, abin kuwa ya tsaya masa a rai. Don haka da keken ɗinki ya fara kawo rufin asiri, bai sayi babur ba, bai ƙara ɗaki ba. Rijiya ya haƙa a ƙofar gida, ya ɗaure bakinta da siminti, ya rataya guga, ya ce sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin tsohuwa. Ruwa garau, ga sanyi. Yana shago yana taka keke, duk wanda ya ja guga ya ce "Allah ya jiƙan Inna," sai ya ji sanyi har cikin ransa. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye maka ba, sai dai kirkin nasa da taurin kai aka kwaɓa shi.

Ana nan aka gina gidan mai a kan tudu, gaba da shi kaɗan, aka binne tankunan fetur a ƙasa. Shekaru suka ja, wani tanki ya yi tsatsa ya fara yoyo ba wanda ya sani. Rijiyar da ta fara nunawa ta wani mai wanki ce da ke jikin katangar gidan man: ruwa ya soma wari, maiƙo na yawo a kansa kamar romo. Aka ɗebi ruwanta a kwalba aka auna, aka rufe ta, aka sa gidan man ya tono tankinsa. Ma'aikatan ruwa suka zo da kwalabe suna bin rijiyoyin unguwa, suna duba waɗanda suka fi kusa da gidan man da kuma waɗanda ke gangare. Aka auna ruwan tela, ya fito lafiya lau. Amma wata mata a cikinsu ta yi masa bayani a tsanake, cewa man da ya riga ya shiga ƙasa yana nan, yana bin ruwa a hankali zuwa gangare, rijiyarsa kuma a gangaren take. Ta ce ya bari a riƙa aunawa, ya kuma rage ɗiba, domin rijiyar da ake ja da yawa ita ke zuƙo ruwan da ke kewaye da ita. Tela ya ji, ya yi godiya. A ransa kuwa ya ce, ina ni ina tsayawa bakin rijiyar sadaka ina ƙidaya wa mutane guga? Ga kuma tsoron kwalaben nan, don ya ga yadda suka yi sanadin rufe ta mai wanki. Da ma'aikatan suka dawo, ya ce kada su wahalar da kansu, ai tsakaninsa da gidan mai akwai gidaje, akwai katanga, har da kwalta.

To, katanga ba ta kai inda ruwan ƙasa ke bi ba. Duk masu ɗiba a rijiyar da aka rufe suka dawo tasa, har da 'yan garuwa. Tela ya ga layin jarkoki ya kai bakin titi, murna ta kama shi, yana cewa bana ladan Inna ya ninka. Da ya ga guga ba ya isa, sai ya sa wa rijiyar inji, yana ja safe da yamma. Ya tausaya wa mai wanki ƙwarai, har ya ce ya zo ya ɗibi iya son ransa kada sana'arsa ta tsaya, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ya kashe waccan rijiya yana kan hanyar tasa ba. Damina ta wuce, rani ya shigo. Mata suka fara raɗe-raɗin koko na wani irin ɗanɗano, yara na kukan ciki, amma kowa na jin nauyin gaya masa. Wa zai kushe ruwan da aka ba shi sadaka? Ranar wata Juma'a ya cika buta zai yi alwala, ya kai ruwa baki, sai warin fetur ya bugi hancinsa. Ya zubar, ya sake ɗebowa, ya sake kaiwa. Haka dai. Ya ajiye butar.

Ba wanda ya tilasta shi. Da ƙafarsa ya je ya kira matar nan da kwalabenta, da bakinsa ya tsaya gaban layi ya roƙi mutane gafara, ya ce kada a sake shan ruwan nan. Ya kashe inji, ya kawo fallen kwano da duwatsu ya rufe bakin rijiyar, babban mutum yana share hawaye da hannun riga. Wata tsohuwa ta dafa shi ta ce, "Ɗan nan, yi haƙuri, ladan da aka rubuta wa Inna ba a gogewa." Ya gyaɗa kai. Amma an gaya masa ruwan ba zai gyaru nan kusa ba, kuma ya san da ya bari ana aunawa, da an gano kafin yaran unguwa su sha. Wannan ya fi rufe rijiyar ci masa rai. Ni dai tausayinsa nake ji, domin duk abin da ya yi, don alheri ya yi shi. Kansa kawai ya manta bai duba ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.